Idan Alƙalamin Mai Duba Jarrabawa Ya Goce: Nasiha Ga Ɗalibai

Ya ku ƙannena maza da mata, masu shirin zama jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB, da ku da kuka riga kuka shiga manyan makarantu.

Akwai maganar da ba a cika faɗa muku a aji ba, ita ce hukumar jarrabawa ma tana kuskure. Mutane ne ke tsara tambayoyi, mutane ne ke fitar da amsoshin da za a auna ku da su, ita kuwa kwamfutar da ke tattara maki abin da aka ɗura mata take bi. Da zarar an goce a ɗaya daga cikin waɗannan matakai, sai yaron da ya yi ta raba dare yana karatu ya tsinci sunansa a can ƙasa, wani kuma ya hau matsayin da ba nasa ba. Idan haka ta faru, matasanmu kan kasu gida biyu. Wasu su haɗiye abin, su ce haka Allah ya ƙaddara, ko tambaya ba za su yi ba. Wasu kuma su ruga Facebook da zagi da zargi, alhali ba su riƙe da hujja ko ɗaya. Duka biyun sukan tashi a tutar babu. Abin da nake so ku riƙe shi ne, haƙƙin ɗalibi yakan fito idan an neme shi da hujja, a kan lokaci, ta ƙofar da ta dace. Wanda kuma ya nemi a yi gyara, to ya shirya karɓar gaskiya ko da shi za ta taɓa.

Mu leƙa Indiya, inda irin wannan rigima ta kai har gaban Kotun Ƙoli a 2024. A can, duk mai son karatun likita sai ya zauna jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya mai suna NEET, wadda hukumar NTA ke shiryawa. Ranar 5 ga Mayu, 2024, ɗalibai sama da miliyan 2.3 suka zauna mata, suna neman gurabun da suka ɗan haura 100,000. A irin wannan cunkoso, maki ɗaya tak kan sa ɗaruruwa ko dubban mutane su sha gaban ɗalibi a jerin cancanta, shi ne kuma kan raba tsakanin samun makarantar gwamnati mai rahusa da ta kuɗi wadda talaka ba ya iya kusanta.

Ranar 4 ga Yuni aka fitar da sakamako, sai ga ɗalibai 67 sun cinye maki 720 cif, kamar ba su faɗi ko tambaya ɗaya ba, alhali a shekarar da ta gabata mutum 2 ne kawai suka yi haka. Wannan ya sa aka fara ƙus-ƙus, amma ba shi ne ya tona asiri ba. Lissafi ne ya tona shi. Tambayoyi 180 ake amsawa, kowace amsa daidai maki 4 ce, kowace amsa ba daidai ba kuma a cire maki 1. Ke nan wanda ya bar tambaya ɗaya bai amsa ba zai tashi da 716, wanda ya faɗi ɗaya kuma 715. Babu hanyar da mutum zai samu 718 ko 719, amma sai ga su a cikin sakamakon. Ɗalibai da malamansu suka riƙe wannan, suka ce a yi musu bayani. Dole hukumar ta fito ta ce ta yi wa ɗalibai 1,563 ƙarin maki a matsayin diyyar lokacin da suka rasa a wasu cibiyoyi. Ku lura da kyau, da ihu kawai aka yi, da hukuma ta ce hassada ce. Lambobi biyu da kowa zai iya lissafawa da kansa su suka sa ta buɗe baki.

Da magana ta je kotu, ranar 13 ga Yuni gwamnati ta shaida wa alƙalai cewa ta soke wannan ƙari. Aka ba ɗaliban zaɓi, ko su sake zama ko su karɓi makinsu na asali. Ranar 23 ga Yuni, 813 daga cikinsu suka sake zama. Shugaban hukumar kuwa tuni aka sauke shi daga kujerarsa.

Sai rigima ta biyu, wadda ta fi ta farko darasi. Akwai wata tambaya a darasin Fiziks game da ƙwayar zarra. Tsohon bugun littafin da makarantu ke amfani da shi ya nuna cewa zarrar kowane sinadari tabbatacciya ce ba ta rushewa, sabon bugu kuma ya gyara ya ce mafi yawansu ne haka, domin akwai masu rushewa suna fitar da tururin nukiliya. Da aka fitar da amsoshi, dubban ɗaliban da suka yi karatu da tsohon bugu suka kai kuka, sai hukumar ta ce to a ba kowa maki, da wanda ya bi tsoho da wanda ya bi sabo. A ido wannan tausayi ne, amma da shi ɗalibai 44 daga cikin 67 ɗin nan suka cika 720. Masu ƙara suka ce tambayar kimiyya ba ta da amsa biyu masu karo da juna, kuma an cuci wanda ya san daidai da aka jera shi da wanda bai sani ba.

Alƙalin Alƙalan Indiya na lokacin, D.Y. Chandrachud, bai ɗauki alli ya ce shi zai warware tambayar ba. Ya umarci shugaban cibiyar fasaha ta IIT da ke Delhi ya naɗa masana 3 su duba, su kawo amsa washegari. Ranar 23 ga Yuli suka ce amsa ɗaya ce daidai, wadda ta dace da sabon bugu. Kotu ta ce a sake lissafi a kan haka. Ɗalibai sama da 400,000 suka rasa maki 5 kowannensu, wato 4 da aka ba su a da, da 1 na tarar amsa ba daidai ba. Da sabon sakamako ya fito ranar 26 ga Yuli, masu 720 sun dawo 17. A zaman ranar 23 ga Yuli ne kuma kotun ta ƙi soke jarrabawar gaba ɗaya kamar yadda wasu suka nema. Ta yarda an saci tambayoyi a garuruwan Hazaribagh da Patna, inda masu bincike suka ce ɗalibai 155 ne suka amfana, amma ta ce ba a kawo hujjar da ke nuna ɓarnar ta game ƙasa ba, don haka ba za a mayar da mutum sama da miliyan 2 ɗakin jarrabawa a kan zato ba.

Wannan tsari ba a ranar aka ƙirƙire shi ba. Tun a 1983, a wata shari'a da ta shafi Jami'ar Kanpur, Kotun Ƙolin Indiya ta ajiye ƙa'ida cewa amsar da hukuma ta fitar ita ake ɗauka daidai, sai fa in an nuna kuskurenta a fili, yadda babu wani masanin fannin da zai tsaya ya kare ta. Ɗaliban wancan lokaci sun yi nasara ne saboda sun kawo littattafan da ake koyarwa da su, suka buɗe shafi suka nuna. A 2011 kotun ta ƙara da cewa ɗalibi yana da haƙƙin ganin takardar amsarsa bayan an duba ta, a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai. A 2017 kuma ta ja kunnen ƙananan kotuna, ta ce alƙali ba mai duba jarrabawa ba ne, idan akwai kokwanto hukuma ake bai wa gaskiya, kuma tausayi ba shi da gurbi a wajen sake ba da maki. Shari'ar da ta jawo wannan hukunci ta ɗaukar malaman makaranta ce a jihar Uttar Pradesh, kuma an shekara 8 ana jan ta, waɗanda aka ɗauka ba su san ko za su ɗore ba, waɗanda aka bari ba su san ko za a kira su ba.

Jinkirin nan ku sa shi a lissafinku. A Koriya ta Kudu, ɗaliban da suka zauna jarrabawar shiga jami'a a Nuwamban 2013 sun ƙalubalanci wata tambaya ta labarin ƙasa wadda alƙaluman tattalin arzikinta suka riga suka tsufa. Sai a Oktoban 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya, aka sake lissafa makin mutum sama da 18,000. Gaskiya ta fito, amma shekarar karatu ta riga ta wuce. Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, sau da yawa ma ba a san ranar haihuwar ba.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. A 2025 mun ga irinsa sau biyu a Najeriya cikin wata uku. Da JAMB ta fitar da sakamako a watan Mayu, sama da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kusan miliyan 2 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Mutane da yawa suka ce lalacewar karatu ce. Amma wasu iyaye da malamai suka tattara sakamakon ɗalibansu, suka nuna cewa faɗuwar ta taru ne a wasu yankuna, kuma ta shafi yaran da aka san ƙwazonsu, dubbai kuma suka fara shirin zuwa kotu. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa an samu matsala a kwamfutocin da ke karɓar amsoshi a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Ɗalibai 379,997 abin ya shafa, aka sake musu jarrabawa tun daga ranar 16 ga Mayu. A watan Agusta kuma WAEC ta sanar cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan kwana 4 shugaban ofishinta na Najeriya, Dakta Amos Dangut, ya nemi afuwa, ya ce an duba wata takardar Turanci ta canki-canka da amsoshin da ba nata ba. Da aka gyara, adadin ya tashi zuwa kashi 62.96. Ku yi tunanin yawan yaran da aka kira daƙiƙai a gida cikin waɗannan kwanaki, alhali sun ci.

To, me ɗalibi zai yi idan ya ga sakamakon da bai yarda da shi ba?

Farkon abu, ka yi wa kanka adalci kafin ka nemi wani ya yi maka. Ka zauna ka tuna yadda ka amsa tambayoyin, ka kwatanta da makin da ka saba samu a gwaji, ka je wurin malamin da ya san ƙarfinka wanda kuma ba zai yi maka kara ba. Mafi yawan waɗanda suka faɗi, faɗuwa suka yi da gaske, maganinsu kuma komawa ga littafi. Wanda bai yi shiri ba, ya zo yana cewa an zalunce shi, yana ɓata wa masu gaskiya hanya ne, domin saboda irinsa hukumomi ke yi wa kowane koke kallon ƙorafin rago.

Na biyu, ka zama mai adana takarda. Takardar rajista, katin shiga ɗakin jarrabawa, lambar cibiya da ta kujera, sakamakon da ka buga da ranar da ka buga shi, takardun gwajin da malami ya dawo maka da su a jami'a, duk ka ajiye. Idan kwamfuta ta mutu ana cikin jarrabawa, ko aka fara a makare aka karɓe takarda kafin lokaci, ka sanar da mai sa ido nan take, ka roƙi a rubuta a rahoton cibiya, ka kuma riƙe lokacin da abin ya faru. A jami'a kada ka fita ɗakin jarrabawa ba ka sa hannu a takardar halarta ba, domin ranar da aka ce ba a ga takardarka ba, wannan sa hannun ne shaidarka. Malaman fiƙihu sun koya mana cewa mai ƙara ne ke kawo shaida, kotunan zamani ma a kan haka suke.

Na uku, ka bi ƙofofi daki-daki, kuma a rubuce. Idan jarrabawar WAEC ce ko NECO, shugaban makarantarku ne farkon wanda za ka samu, domin ta hannunsa aka yi rajista. JAMB tana karɓar koke ta shafinta na intanet da ofisoshinta na jihohi. A jami'a ana farawa da jami'in jarrabawa na sashe, sai shugaban sashe, sai shugaban tsangaya, har zuwa majalisar malamai, kuma jami'o'i da yawa sun tanadi hanyar neman a sake duba takarda bayan biyan kuɗin da aka ƙayyade. Takardar kokenka ta zama gajera, cikin ladabi, ta faɗi darasi da lamba da ainihin abin da kake ganin an yi kuskure a kai. Ka yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata a ba ka. Idan an yi biris da kai, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a mai ofisoshi a jihohi, kuma ba a biyan ta kuɗi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ma ta ba ka damar neman bayani daga hukumar gwamnati, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa.

Na huɗu, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Gurabun karatu ba sa jiran mai koke. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin ɗari ake bayarwa bisa cancanta zalla, kashi 35 ga yankin da jami'a take, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma a kowane rukuni maki ne ke jera mutane. Idan aka rufe ɗauka, gyaran da ya zo daga baya sai dai ya sanyaya zuciya. Ku sani kuma, dokar da ke kare jami'an gwamnati a Najeriya ta ba da wata 3 ne kawai a shigar da ƙara a mafi yawan irin waɗannan al'amura, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Wanda ya tsaya sai baɗi, yana iya rasa shari'arsa tun kafin a saurari gaskiyarsa.

Na biyar, kada ka tafi kai kaɗai. Kuskuren hukuma ba kasafai yake faɗa wa mutum ɗaya ba. Idan ajinku duka sun faɗi darasi guda alhali sun ci sauran, wannan alama ce da ake iya gani a takarda. Ku haɗu, ku jera makinku, ku sa malamai da ƙungiyar iyaye a gaba. Abin da ya motsa JAMB da WAEC ke nan a 2025, shi ne kuma ya motsa NTA a Indiya.

Kotu ita ce ƙofar ƙarshe, ka kuma san abin da za ta iya yi maka kafin ka sa iyayenka su sayar da abin hannunsu su biya lauya. Kotun Ƙolin Najeriya ta nuna a 2005, a wata shari'a da ta shafi Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi, cewa tantance wanda ya cancanci digiri hurumin majalisar malaman jami'a ne, alƙali ba ya shiga. Amma a 2014, a shari'ar da ta shafi Jami'ar Ilorin, ta nuna cewa idan jami'a ta riƙe sakamakon ɗalibi ta ƙi saki, kotu tana da ikon sauraron ƙararsa. Ke nan alƙali zai iya tilasta a bi ƙa'ida, a saurare ka, a saki sakamakonka, amma ba zai karanta amsarka ya ce ta cancanci 70 maimakon 40 ba. Haka kuma, ko kana neman haƙƙinka, kada ka ajiye littafi. Ka ci gaba da shirin zama na gaba, domin in gyara ya zo ka ci riba, in bai zo ba shekararka ba ta tafi a banza ba.

Saura magana mafi nauyi. Jerin cancanta awo ne, kuma mudu ɗaya ake yi wa kowa da shi. Duk makin da aka ƙara maka ba bisa haƙƙi ba, daga rabon wani aka ɗebo, wataƙila marayan da ba shi da kowa sai ƙwazonsa. Alƙur'ani ya yi kashedi mai tsanani ga masu tauye awo, waɗanda ke cikawa idan nasu ne, su rage idan na wani ne. Ɗalibin da ke kuka idan an rage masa, amma ya yi gum idan an ƙara masa bisa kuskure, ya shiga wannan sahu. Haka mai bin malami gida da roƙo, da mai sa mahaifinsa ya kira wani babba a waya, da mai biyan kuɗi a cibiyar da ake ba da amsa. Ɗaliban Indiya 44 da aka sauke daga 720 ba su yi laifin komai ba, littafin da ke hannunsu suka bi, amma duk da haka da gaskiya ta bayyana sai da suka sauka, domin akwai waɗanda suka fi su cancantar wurin. Ina kuma ga wanda ya ƙera sakamako da hannunsa? A 2023 an yi ta yaɗa wata takardar JAMB mai ɗauke da makin da ya zarce na kowa, har aka fara ba da kyaututtuka, sai bincike ya nuna ƙage ce, aka soke sakamakon, aka kuma haramta wa mai shi zama jarrabawar har shekara 3. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a zamanin kwamfuta ya ƙara ƙurewa.

Wasunku gobe su ne malamai masu jan biro, su ne jami'an jarrabawa, su ne shugabannin waɗannan hukumomi. Ranar da takardar ɗan wani ta zo hannunku, ku tara makin sau biyu kafin ku rubuta. Idan an kawo muku koke ku saurara ba tare da fushi ba, in kun ga kuskure ku gyara da wuri, kada ku tsaya kare suna alhali shekarar yaro tana ƙonewa. Iyaye kuma ina roƙonku, kada ku yanke wa yaro hukunci a ranar da sakamako ya fito. Ku zaunar da shi ku ji ta bakinsa, ku bincika tare.

Ƙannena, yarda da ƙaddara ba ta hana neman haƙƙi, neman haƙƙi kuma ba ya halatta cin na wani. Ku yi karatu tuƙuru, ku adana takardunku, ku yi koke da hujja da ladabi tun lokaci bai ƙure ba, ku kuma ƙi karɓar maki ko ɗaya da ba guminku ba. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa albarka a cikin abin da kuka samu da halalinku.